Sunanki a Layi na Huɗu

Assalamu alaikum, Nafisa.

Na ga saƙonki na ranar Lahadi cewa kin isa. Kalma biyu ce, amma na gode wa Allah da Ya kai ki lafiya. Ina roƙon Ya tsare ki a sabon masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya sa aikin nan da kika samu a ofishin tallafa wa iyalai ya zama alheri gare ki da duk wanda zai zauna a gaban teburinki. Babanku yana gaishe ki. Ya ce in tuna miki ki duba man mota kafin sanyi ya shigo. Na ce masa yarinyar da ta gama jami'a ba ta rasa sanin wannan ba, ya ce in dai rubuta. To ga shi na rubuta.

Za ki yi mamakin ganin ambulan da kan sarki, alhali ga waya a hannun kowa. Da baki na so mu yi maganar, amma kin san ni da ke. Ni in fara da Hausa, ke ki amsa da Turanci, kafin a je ko'ina ɗayanmu ta tashi ta shige kicin. A takarda kuwa sai na gama tawa kafin ki sa baki.

Ranar da kike haɗa kaya kin shiga ɗakina neman takardar haihuwarki, kika buɗe tsohon gwangwanin biskit ɗin nan da nake ajiye takardu. Na shigo na tarar da ke zaune a bakin gado da wata takarda a hannu, kuma tun daga ƙofa na gane ta. Ta ofishin tallafi ce, ta shekarar da aka haife ki. Sunan yayanku a layin farko, Zainab a na biyu, Bilkisu a na uku, layi na huɗu babu kowa. Can ƙasa aka buga sunanki shi kaɗai, da bayanin cewa ba kya cikin waɗanda tallafin ya shafa. Na tambaye ki lafiya, kika ce, "It's fine, Mama," kika ninke ta kika mayar. Daga ranar har kika tayar da mota ba ki ƙara kallon tsakiyar idona ba. Ni na haife ki, na san ba lafiya ba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne kada ki zauna can bakin teku, tafiyar awa uku daga nan, da tunanin cewa a gidan nan ma ba a ƙidaya ki ba. Don haka zan gaya miki yadda aka yi, har da inda ni na ɓata, kuma wuraren da na ɓata sun fi ɗaya.

Lokacin muna gidan haya mai ɗaki biyu a bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Babanku yana aikin loda kujeru da gadaje a wani sito. Wata rana ya sunkuya ya ɗaga kaya, bai iya miƙewa ba. Ya yi watanni a kwance, ko alwala sai na kawo masa ruwa a roba. Dole ta sa muka nemi tallafin gwamnati. Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa da tambayar farashi ba, shi ya sa abokin Babanku, Alhaji Garba, Allah Ya jiƙansa, yake kai ni ofishin a motarsa yana yi mini tafinta. Mutumin kirki ne, mai kunya, ya girme mu duka. Ranar farko an turo mini takardu masu yawa, na sa hannu duk inda aka nuna mini da yatsa. Ashe a cikinsu akwai wadda ta ce duk yaron da aka haifa alhali gida ya riga ya daɗe yana karɓar tallafin kuɗi, ba za a ƙara ko sisi saboda shi ba. Ban karanta ba, ban ce a karanta mini ba, don kada in ɓata wa Alhaji lokaci. Ke yanzu ke ce mai turo takardun. Kafin ki nuna wa mace inda za ta sa hannu, ki tabbata ta ji abin da ke ciki da harshen da take mafarki da shi.

An fi shekara muna cikin wannan hali na gane ina da cikinki. Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar ban yi murna ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka, saboda tsoro. Miji a kwance, yara uku, ga wata tana tafe. Na faɗa miki wannan ne don ki yarda da sauran abin da zan faɗa, domin uwar da ta ce ba ta taɓa jin tsoro ba, ba a yarda da ita a komai.

Kin san a wajenmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki. Ko mahaifiyata ban taɓa gaya wa ba, gani take yi ta gane, ta ƙara mini nama a miya ta yi shiru. Da wannan tarbiyyar na zo ƙasar da komai sai an faɗa an rubuta. Na riƙa zuwa ofishin da zumbulelen hijabi. Ma'aikaciyar ta tambaya ko akwai wani canji a gida, Alhaji ya fassara, na sunkuyar da kai na ce babu. Yaya zan ce ina da ciki a gaban abokin mijina? Ina ganin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kika zo lafiya, 'yar ƙarama, da suma cike da kai. Babanku ya lallaɓa da sanda ya yi miki huɗuba. A nan ne na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Rago dai na suna ban yi nadamarsa ba, an je ƙauyen McLeansville wajen wani manomi an samo, an yanka, hakkinki ne. Amma ni ban tsaya nan ba. Na ce sai an kama zaure, sai an yi shinkafa da waina da funkaso, sai na ɗinka sabon leshi. Na sayar da 'yan kunnena na zinare na aure, na haɗa da abin da ya kamata ya kai mu ƙarshen wata. Babanku ya ce, "Hadiza, a yi walima a gida mana, mutum goma sun isa." Na ce masa so yake a ce mun talauce? Alhali kuwa mun talauce ɗin.

Suna ya yi kyau, kowa ya yaba. Matan Hausawan garin nan kaf sun zo, har da matan malaman jami'a da na unguwar Sedgefield masu manyan motoci. Suka ci, suka ɗaure sauran a leda, suka tafi suna cewa ashe Maman Zainab ba ta da matsala, rufin asirin Allah ya sauka a gidan. Ni na sa suka faɗi haka. Watannin da suka biyo baya babu wadda ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da buhun shinkafa, kuma ba rowa ce ta hana su ba. Na nuna musu leshi, suka yarda da leshi. Saboda haka, Nafisa, in kin shiga matsi ki faɗa wa naki, tun kafin abin ya kai wuya. In kuma mace ta zo ofishinki da gyale mai tsada da turare, kada ki yanke mata hukunci da ido. Wataƙila shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata, kuma don ke ta sa shi.

Kina da sati biyar na ɗauke ki muka je a sa sunanki a fayil. Ma'aikaciyar wata dattijuwa ce baƙar fata, mai furfura, gilashinta rataye a wuya da 'yar sarƙa. Ta miƙo yatsa kika damƙe, ta yi dariya. Sannan ta duba kwamfuta, fuskarta ta canza, ta yi magana a hankali.

Alhaji ya ce, "Maman Zainab, ta ce doka ce, ba daga ita ba. Wannan yarinyar ba za a sa ta ba. Abin da ake ba ku na uku, shi za a ci gaba da bayarwa."

Na ce to.

Matar ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da magana mai tsawo, tana nuna ki, tana nuna ƙirjinta, tana nuna ni. Na ga Alhaji ya kafa wa takalmansa ido, yana gyara zaman hula. Da ta gama ya yi gyaran murya ya ce, "Sauran maganar ta mata ce. Ba sai na faɗa ba."

Wallahi har godiya na yi masa a zuciyata da ya rufa mini asiri. Matar ta miƙo mini wata takarda ruwan ɗorawa mai lambar waya, ta danna mini ita a tafin hannu da hannayenta biyu. Na kawo ta gida na jefa a gwangwanin biskit. Na fito daga ofishin da fahimtar cewa gwamnati ta rufe miki kowace ƙofa, alhali ƙofa ɗaya ce aka rufe. Abin da matar take ta faɗa shi ne, ko da ba a ƙara kuɗi ba, akwai wani shiri dabam na masu jego da jarirai, ana ba da madara da abincin mai shayarwa, kuma wannan dokar ba ta hana ki shi ba. Maganar nono ce ta sa Alhaji ya kasa, ni kuma na kasa tambaya. Ba na ɗora masa laifi, abin da aka koya masa ya yi, ni ma haka.

Bari in gaya miki yadda rabon mutum uku yake zama na huɗu, don a makaranta an koya miki shi da zane a allo, ni kuwa a banɗaki na koye shi. Katin sayen abinci da gwamnati ta ba mu ba ya sayen famfas, ba ya sayen sabulu, ba ya biyan kuɗin bas ko na wuta. Waɗannan sai da kuɗi a hannu, kuma nan ne aka ce babu ke. Na yayyanka tsofaffin zannuwana na yi miki kunzugu, in wanke a bahon wanka, in shanya a ƙarfen labule, don mai gidan ya hana shanya a waje. Ba sa bushewa sosai, sai ƙuraje suka feso miki. Dokar ba a kanki kaɗai ta sauka ba. Zainab tana 'yar shekara takwas aka ba su takarda a makaranta za a kai su gidan namun daji, kowa ya kawo ɗan abin da aka yanka. Ba ta taɓa nuna mini ba. Sai bayan watanni na tsinci takardar a ƙasan jakarta, ta yi laushi don ninkewa. Na tambaye ta, ta ce ita dama ba ta son warin dabbobi. Har yau in an yi maganar raƙumin dawa a talabijin ina satar kallonta.

Kina wata biyu na sami aikin ninke zannuwan gado a wani otal. Tsayuwar yini, ga rashin cin kirki, nono ya kafe. Na koma sayen madarar gwangwani. A jikin gwangwanin an ce cokali biyu, ni nake sa ɗaya in cika da ruwa, don ya kai sati. Na gaya wa kaina ai fari dai fari ne. Kina sha kina kuka, daga baya kika rage kukan, na ɗauka haƙuri kika koya. Aka kai ki awo, likita ta ce nauyinki ba ya hawa yadda ya kamata, ta tambaya ta bakin wani tafinta a waya, shi ma namiji, ko akwai matsala wajen ciyarwa. Na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Kin san mu, ko a gadon asibiti aka tambaye mu ya jiki sai mu ce da sauƙi. Wannan ki riƙe shi da kyau: in mutumin wajenmu ya ce miki lafiya lau, gaisuwa ya amsa, bai amsa tambayarki ba tukuna. Ki bar shi ya huta, ki sake tambaya ta wata hanya. In mace ta zo da namiji yana yi mata tafinta, ko mijinta ne, ki nemo mace, ko ki ce masa ya ɗan jira a waje. Ba rashin ladabi ba ne.

Anti Rabi ce Allah Ya turo. Kin san ta da tsufa da yawan faɗa, amma lokacin sabuwar zuwa ce daga Maraɗi, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana zaune a benen da ke samanmu. Ta sauko wata Asabar da hantsi aron dutsen guga, ta tarar ina haɗa miki madara. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta saitin taga.

Ta ce, "Hadiza, wannan bibiron ɗin madara ce ko ruwan wanke shinkafa?"

Na ce haka kike so, mai kauri tana ɓata miki ciki.

Ta ɗauke ki ta auna ki a hannu ɗaya, ta daɗe tana kallon wuyanki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙanwata, ni ma uwa ce. Gaya mini gaskiya, mu biyu ne a ɗakin nan."

Mu biyu ne a ɗakin, shi ya sa na iya. Na faɗa mata komai, tun daga 'yan kunne har maganar Alhaji. Ta ce ina takardar da matar ta ba ni. Na ɗauko, ta karanta, ta zauna a kan kujera kamar an tura ta. Ta ce, "Wata huɗu wannan tana cikin gwangwani? Wata huɗu, saboda kunya?" Ranar Litinin ta fasa zuwa aiki ta kai mu da kanta. Kafin sati ya zagayo akwai madara a gidan, da ƙwai da wake nawa. Ita ce kuma ta bi matan da suka ci shinkafar sunanki ɗaya bayan ɗaya. Ban san me ta gaya musu ba, na dai ga kwalayen famfas suna shigowa, kuma babu wadda ta taɓa yi mini gori.

Kin murmure, kumatu suka fito. Likitoci sun ce babu abin da ya taɓu. Duk da haka, ranar da aka ce sai kin sa gilashi a aji uku, da duk lokacin da kuka jeru na ga kin fi 'yan'uwanki gajarta, sai watannin nan huɗu su dawo mini. Babanku yana cewa gajartar tawa kika ɗauko, in daina neman laifi inda babu. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma kunyar da na ji a gaban Alhaji ta minti biyu ce, ke kuma kika biya ta da wata huɗu, kuma ban taɓa neman gafararki ba. Ki yafe mini.

Saura maganar sunan da muke kiranki. Na san tun da kika ga takardar kin haɗa lissafin da kanki, don ba ki da wauta. Ranar da muka dawo daga ofishin, Babanku ya tambaya yaya aka yi. Na ajiye ki a gefensa na yi dariyar da ba ta daɗi ba, na ce, "Gwamnati ta ce uku ta sani. Wannan gyara ce." Ke ba ki taso a kasuwar gida ba. Gyara ita ce ɗan ƙarin da mai awo take zuba miki a kan mudu bayan ta gama aunawa, ba a biya ta. Yara suka ji suka ɗauka, sunan ya bi ki, Gyara, Gyara, har abokanki na makaranta suna kwaikwayo. Kina 'yar shekara goma kika tambaye ni ma'anarsa, na ce ai wani abu ne mai daɗi da ake ba wanda ake so. Ban yi ƙarya ba, amma ba daga nan sunan ya fito ba. Daga ɗacin raina ya fito, kuma bai kamata in ɗora wa jaririya ɗacin da ba ita ta jawo ba. Ki kiyayi abin da za ki faɗa a kan yaro ranar da ranki yake ɓace, domin ke za ki manta da ɓacin ran, shi kuma zai girma da kalmar. Na gaya wa 'yan'uwanki a daina. Bilkisu ta ce bakinta ya saba, na ce to ya sake sabo.

Ni ba 'yar boko ba ce, ban san abin da waɗanda suka tsara dokar suka hango ba. An ce don kada mutane su riƙa haihuwa saboda tallafi ne. Ni dai a gidana babu wanda ya zauna ya yi wannan lissafin, kuma duk matan da na zauna da su a bencin ofishin nan, farare da baƙaƙe, ban ga wadda ta yi kama da mai cin riba ba. Dokar ba ta hana ki zuwa ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta sa yara huɗu suka raba abin uku, har Babanku ya warke ya fara tuƙi muka fita daga layin. Idan irinta tana aiki a inda kike, ba ke za ki canza ta daga teburinki ba, kuma kada ki karya ta ki jawo wa kanki. Amma ki yi abin da dattijuwar nan ta yi, ki ƙara da abin da ita ba ta samu yi ba. Ki faɗi ƙofar da aka rufe, ki faɗi waɗanda suke buɗe, kada uwar ta tashi sai ta maimaita miki da bakinta. Ki kuma tambayi sunan jaririn ki kira shi da shi, ko da kwamfuta ba ta da gurbinsa.

Kin san shekara talatin ke nan ban kira sunan yayanku ba, don ɗan fari ne, ko a wasiƙar nan kin ga na kauce masa. Haka aka rene ni, akwai abubuwa da yawa da bakina ba ya iya furtawa. Na ga inda shirun ya kai ni, don haka yau zan faɗi ɗaya. Ina son ki, Nafisa. Tsoron da na ji kwana ɗaya ne. Tun ranar da kika fara motsi a cikina ban ƙara ƙidaya 'ya'yana na tsaya a uku ba. Shekaranjiya ma na zuba tuwo na ɗebo faranti har da naki, sai da Babanku ya dube ni na mayar.

Ki duba cikin ambulan ɗin, takardar ofishin tallafin da kika gani tana nan, na ninke ta a bayan wasiƙar. Ba ta da sauran amfani a wajen gwamnati, ni kuma na gaji da ajiyarta. Na ɗauki biro na cike layi na huɗu da hannuna. Rubutun ya ɗan karkace, kin san hannuna da boko, amma sunanki ne cikakke, har da na Babanku. Ki ajiye ta a aljihun teburinki na ofis, ko ki yaga, duk wanda ya yi miki.

In kin karanta ki kira ni. Ki yi da Turancin ma, zan gane.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya ba ki haƙuri da masu zuwa wajenki a ranar da ba su da kowa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya ne a yini. Anti Rabi ta ce a gaishe ki, ta ce kuma wai har yanzu ba ki kai nauyin da take so ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ce mahaifiyarki,
Hadiza, uwar 'ya'ya huɗu.